Ƙofar Sakiusa

Inna ta ajiye kwanon gwaza da kifi a bakin ɗakin ɗanta Sakiusa, ta ƙwanƙwasa. Hannu kawai ya fito ya ja kwanon, ƙofa ta koma garam. Haka yake tun da karatu ya ƙi, ya dawo daga birnin Suva. Ya kwanta, ya tashi, ya danna waya, ya leƙa taga, ya sake kwanciya. Gani yake duk gari dariya ake masa.

Kun dai san ƙauyenmu, in ana cin abinci ƙofa a buɗe take, duk wanda ya gifta sai an kira shi, ko da ba zai ci ba.

Budurwarsa Litiana ce kaɗai ba ta gaji da shi ba. Kullum in za ta bakin teku sai ta tsaya jikin tagarsa tana zuba, shi kuwa sai "uhm". Da danginsa suka fara zancen kai tabua, haƙorin ƙaton kifin teku da ake neman aure da shi, kawunta Apakuki ya ce kada ma su wahala. Wai sau nawa yana wucewa yana jin ƙamshin kifi, yaron bai taɓa kiransa ba. Mai kulle ƙofa a kan abinci, gobe 'yarsu zai kulle.

Ta zo tagar tana hawaye.

"Saki, na gaji da hira da labule. Asabar kawu zai sa ni jirgin ruwa, zuwa garin Lautoka wajen gwaggo. Ni ban ce ka zama wani abu ba, ƙofa kawai za ka buɗe."

Ya yi ta zagaye ɗaki kamar kazar da za ta yi ƙwai. Washegari da rana ya kama ƙofar, ya saki, ya sake kamawa, sannan ya wangale ta, ya zauna da kwanonsa. Sai ga kawu Apakuki daga gona da adda a kafaɗa. Sakiusa ya kira shi.

"Kawu... a zo a ci."

Yawanci godiya ake yi a wuce. Tsohon nan kuwa ya jingine adda, ya shigo, ya harɗe.

"Ashe kana da murya? Mun ɗauka wayar ta haɗiye ta. Miƙo kifin, ɗan banza."

Tas ya cinye, ko kai bai bar masa ba. Inna na bayan gida tana dariya tana share ido.

Asabar jirgi ya tashi babu Litiana, haƙurinta ya biya. Shi ya sa nake cewa, in kaɗaici ya dame ka, duba sakatar da kyau. Sau da yawa ta ciki take.