Rigar da Aka Saya wa Wata

Ƙugiyar ta ƙi shiga.

Nasiratu ta ja numfashi ta riƙe, ta sake miƙa hannuwa baya, ta jawo bakin rigar maman da iya ƙarfinta har sai da ƙarfen ya kama. Wani raɗaɗi ya taso daga ƙasan nononta na hagu ya soki hammatarta. Ta dafa bango, idonta ya kawo ruwa.

A kan gado Ummi na ta tsala kuka, irin kukan jaririn da ya sha bai ƙoshi ba.

Daga tsakar gida kuma muryar Safi ce, yayar mijinta, tana magana da ƙarfi don a ji.

“Ni dai na hwaɗi! Nonon yarinyar ga ba shi da kyau. Ɗiya kullum kuka, kullum rama... mu ba haka munka saba gani ba gidanmu.”

Nasiratu ta zura riga, ta ɗauki Ummi ta rungume ta ta ɓangaren dama, don hagun ba ya taɓuwa.

Ƙarar moto, babur ɗin maigidan, ta tsaya a ƙofar gida. Abdurazak ne ya dawo daga kasuwar dabbobi, inda yake aikin duba lafiyar bisashe. Ya gaida yayarsa a gajarce, ya ɗaga labule ya shigo.

“Nasi tawa... yaya jikin?”

“Da sauƙi.”

“Kullum da sauƙi, kullum kina ƙarewa.”

Ya matso ya ɗora hannu a kafaɗarta, daidai inda igiyar rigar ta ci nama. Ta zabura ta janye jiki kamar an ɗana mata garwashi.

Hannun nasa ya tsaya a iska.

“Ko hannuna ma ba ki so yanzu?”

“Ba haka ba ne, Baban Ummi...”

“To mine ne? Tun da kinka dawo daga wankan jego ban ga dariyarki ba. In na matso ki matsa. In na yi magana ki ce kanki na ciwo. Ni ma mutum ne, Nasiratu!”

Ta buɗe baki, sai kunya ta rufe mata shi. Ta yaya mace za ta dubi mijinta ta ce masa rigar mama ce ke neman kashe ta?

Shi kuwa ya juya ya fita.

Abin ya samo asali ne tun ranar da aka kawo balis, akwatunan lefenta. Safi ce ta haɗa kayan, kuma ta fara tara su tun kafin Abdurazak ya buɗe baki ya ce Nasiratu yake so. A lissafin dangi, Balkisa zai aura, ’yar kawunsu ta Affala, siririya kamar karan gero. Da ya kafe a kan tasa, an ƙaro zannuwa, an canja takalma, amma ƙananan kayan ciki aka bar su yadda suke.

Ranar da mata suka taru ganin kaya, wata tsohuwa ta ɗaga ɗaya daga cikin rigunan ta kece da dariya.

“Wanga ai ƙirjin Balkisa anka auna!”

Mahaifiyar Nasiratu ta yi saurin karɓewa ta cusa a ƙasan akwati. Bayan an watse ta ja ’yarta gefe ta ce, “Abin da dangin miji sunka kawo ba a raina shi, ko da bai yi miki ba. Ki sa.”

Ta sa. Tun tana amarya suke matse ta, da ciki ya zo suka ƙara. Sau ɗaya ta taɓa sayen tata a kasuwa, Safi ta gan ta shanye a kan igiya, kafin la’asar labari ya kai Affala cewa amarya ta raina lefen gidansu. Abdurazak bai ma san wane kaya ake magana a kai ba, ya ɗauka zane ne. Ya dawo a gajiye da surutun dangi ya ce mata, “Don Allah Nasi, abin da sunka kawo ki riƙa sawa, mu huta.”

Wannan maganar ta riƙe.

Da ta haihu kuma, ƙirji ya cika da ruwa, Safi ta zo da sabuwar shawara, fuska a sake kamar mai ƙauna.

“Ki ɗaure su tamau, ƙanwata, har kwana ki yi da ita. In kinka bari sunka zube, namiji kallon waje shi kai.”

A ranar Balkisa na zaune a kan tabarma, ta kawo wa mai jego fura, tana ta murmushi tana gyara ɗaurin kallabi.

Haka Nasiratu ta ɗaure kanta, dare da rana. Kafaɗu suka yi shati, wuya ya ƙage, kai ba ya barin ciwo. Nonon hagu ya yi ƙulli mai tauri, ya yi ja, in Ummi ta kama sai uwa ta ciji leɓe, ’ya kuma ta saki ta fashe da kuka.

Washegarin ranar da Abdurazak ya juya ya fita, da hantsi Safi ta dawo, ba ita kaɗai ba, da saƙon Inna, mahaifiyarsu, daga Affala. Ta zauna ta miƙe ƙafa a gaban ƙanenta.

“Inna ta ce a kai mata takwararta, za ta rene ta da nonon akuya. Balkisa ma na nan, ta iya riƙon yara. Ita kau wagga ta tahi gidansu ta huta.”

Nasiratu na jin su daga ɗaki. Kowace mace a garin Tawa ta san ma’anar a ce ta tafi gida ta huta. Wasu sukan dawo. Da yawa sai dai a bi su da kayansu.

Ta saurara ta ji abin da mijinta zai ce.



“Ɗiyata ba ta zuwa ko’ina ba uwarta,” in ji shi a ƙarshe, murya a dushe. “Amma Nasiratu... in ta gaji da ni, in kai ta wajen mahaifiyarta ta sarara. Ban san mi zan yi ba kuma, Yaya.”

Ba ta yi kuka ba. Zazzaɓin da ya kwana a jikinta bai bar mata ƙarfin kuka ba. Ta haɗa ’yan tsummokaran Ummi, ta goya ta, zanen goyon ya sake danne inda ke ciwo. Ta yafa hijabi ta fito.

“Na shirya.”

Ya dube ta, idonsa ja.

“Ke kinka ce?”

“Kai ka ce.”

Suka hau moto. Hanyar unguwar duk duwatsu ce da ramuka, kowane tsalle sai ta ji kamar ana caka mata allura a ƙirji. Ta daure, ta daure, har suka wuce masu sayar da albasa. A wani gangare moton ya faɗa rami, wani ihu ya kufce mata, kanta ya faɗa a bayansa.

Zafin goshinta ya ratsa rigarsa.

“Innalillahi! Nasi! Jikinki wuta ne!”

Bai ƙara tambayarta komai ba. Ya karkata kan moto, ya bar hanyar gidansu ya nufi gidan haihuwa na unguwa.

Ungozomar da suka tarar, Madam Kadidiya, ita ce ta karɓi haihuwar Ummi. Doguwa ce ’yar arewa, Hausarta na da ɗanɗanon Buzanci. Ta ja labule, ta ce wa Nasiratu ta cire riga.

Sai ta yi tsaye tana kallo.

“Wa ya sa ki cikin wanga sutiyan?”

Nasiratu ta sunkuyar da kai.

Madam ta gwada zura yatsa a ƙarƙashin robar, bai shiga ba. Ta gwada ɓalle ƙugiyar, ta nutse cikin fata. Ta ɗauko almakashi ta datse ta ta baya.

Numfashin da Nasiratu ta ja a lokacin, ita kanta ta manta akwai irinsa.

“Kina mai jego ki matse nono haka? Ta ina ruwan zai bi? Ga shi ya taru ya yi ƙulli ya sa miki zazzaɓi. Ɗiyata, nononki lahiyarshi lau, hanya kinka toshe mishi.” Ta leƙa waje. “Kai, maigida! Zo nan.”

“Madam, don Allah a’a...” Nasiratu ta rarumi hijabi ta kare ƙirjinta.

“Kunyar ga taki ita ta kawo ki nan. Bayanki kawai zai gani.”

Abdurazak ya shigo da Ummi a kafaɗa. Ya tsaya. A kafaɗun matarsa akwai rami biyu masu duhu inda igiya ta zauna, a gadon bayanta kuma jan layi ya zagaye ta, wani wurin ya saɓule har yana ruwa. Daidai nan ya ɗora hannu jiya.

“Wanga duk... tun yaushe?”

“Tun balis,” ta ce a hankali.

“Balis?”

“Kayan da ka ce in riƙa sawa mu huta. Su ne. Ba nawa anka auna ba.”

Ya zauna a bakin benci. Ya daɗe yana kallon yankakkiyar rigar a ƙasa, ’yar ƙarama, da furen leshi a tsakiya.

“Wallahi zane na zata,” ya ce. “Nasi, mi ya hana ki hwaɗa mini?”

“Da wane baki?”

“Ni da ke gane akuya mai kumburin hantsa tun daga bakin kasuwa... ga matata cikin ɗakina ban gani ba.”

Nasiratu ta ɗago da jajayen idanu.

“Yanzu akuya na zama ke nan?”

Madam Kadidiya ta tuntsire da dariya. Shi ma ya yi, dariyar da ke haɗe da hawaye. Ita kuma ta ji leɓenta na motsi, ta kasa hana shi.

Madam ta ba ta magani, ta nuna mata yadda za ta kama Ummi, ta ce kada ta daina ba ta ta hagun ko da yana ciwo, don tsotson shi zai buɗe hanya. In zazzaɓin bai sauka ba su dawo.

“Sutiyan kuma, ba a sayen shi da ido, ba a aika wani. Ki je da kanki ki gwada. Yatsunki su shiga ƙarƙashin roba, kar nama ya hito sama ko gehe, kar bayan ya hau wuya. Mai ƙarfe ki bar shi sai kin yaye. Jiki na canjawa, ke ma ki canja.”

Daga nan ba gidan su Nasiratu suka nufa ba. Gida suka koma.

Safi na nan zaune tana jiran ta ji yadda aka yi. Abdurazak ya wuce ta ya shiga ɗaki, ya buɗe akwatin lefe, ya kwaso sauran rigunan ya zuba a leda. Ya fito ya ajiye a gabanta cikin ladabi.

“Yaya, ga su. A kai ma wadda anka saya domin ta.”

“Abdu! Ni za ka...”

“Ban ce komai ba. Likita ta duba, nonon matata ba shi da laihi. Ki gaida Inna, ki ce in Nasiratu ta warke mu ukku za mu zo mu gaishe ta.”

Safi ta dubi ledar, ta dubi ƙanenta. Ta tashi ta gyara mayafi ta fita, ba sallama. Ledar dai ta tafi da ita.

Da zazzaɓin ya sauka, ya ɗauke ta suka je kasuwa, layin masu kayan mata. Ta shiga bayan labulen wata mai shago, shi kuma ya tsaya a waje da Ummi a hannu, a tsakiyar rigunan mama da ke lilo a kan igiya. Mata na wucewa suna ƙunshe dariya.

“Malam, kai ma a auna ka?” mai shagon ta jefo masa.

“Hajiya, ni nawa bai hito ba tukuna.”

Layin ya ɗauki shewa. Wani ɗan kabu-kabu da ya san shi ya rage gudu ya yi masa ihu, “Likitan bisashe, yau nan anka koma aiki?” Ya ɗaga masa hannu kawai, bai matsa daga wurin ba.

Nasiratu ta gwada ta farko, ta yi yawa. Ta biyu ta ɗan cije. Ta uku, mai faɗin igiya, ta auduga, ta zauna mata kamar don ita aka ɗinka. Ta ɗaga hannuwa sama, ta sauke. Ta sunkuya, ta miƙe. Babu abin da ya soke ta.

Ta fito tana gyara hijabi.

“Ta yi?” ya tambaya ƙasa-ƙasa.

“Ta yi.”

“Ba ta yi ta kunya ba, Nasi. Ta yi ta gaskiya?”

“Ta gaskiya, Baban Ummi.”

Da yamma tana zaune a kan tabarma a inuwar bishiyar bedi, Ummi na tsotson hagu tana lumshe ido, har madara na gangarowa ta gefen bakinta. Gajiyar ba ta gama barin jikin Nasiratu ba, shatin ma yana nan, sai a hankali. Abdurazak ya zo ya zauna kusa da ita. Ya ɗaga hannu, ya yi jim, kamar mai neman izini.

Ta kama hannun da kanta ta ɗora a kafaɗarta.

“Bar shi nan,” ta ce, ta jingina da shi ta rufe ido.