Jan Fenti a Jikin Sanda

Ranar da ta fara ganinsa, tsaye yake cikin kogi, wando a naɗe, yana kafa doguwar sanda mai fenti kala uku.

"Malam, kifi ake kamawa da wannan?"

"Ruwa nake aunawa. In ya taɓa ja, kowa ya bar gida."

Ta yi dariya, amma daga ranar wankinta ya ƙi ƙarewa a bakin kogin. Ta sa masa Mai Sanda, shi kuma yana kiranta Sanyina.

Matsalar Babanta ce. A daminar farko Mai Sanda ya aika gargaɗi, unguwa ta kwashe kaya ta hau tudu, ruwa bai zo ba. Baba ya dawo ya tarar an sace masa tumaki. Da ƙyar Inna ta shawo kansa ya yarda da maganar auren, da sharaɗi guda: yaron ya sake tayar da mutane a banza, magana ta mutu.

Ana saura kwana uku manyansa su zo neman aure, da hantsi, rana ƙwal, saƙo ya shigo:

"Sanyina, na'urarmu ta can saman kogi ta nuna ruwa ya cika. Lissafina ya ce zai iso da la'asar, amma ba ni da cikakken tabbas. In na yi kuskure, na rasa ki."

Ta ɗaga kai, ko gajimare babu. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta rubuta:

"In ka yi shiru saboda ni, ba na so. Aika."

Wayoyin unguwa suka ɗau ƙara. Baba ya baje kan tabarma ya ce ba inda za shi.

"Baba, ni na ce ya aika." Ta zauna gefensa. "In kana nan, ina nan."

Ya harare ta, ya harari Inna, sannan ya miƙe yana faɗa.

A kan tudu la'asar ta wuce, shiru. Baba har ya fara laluben takalmansa, ita kuwa hawaye sun cika idonta. Sai aka ji rugugin ruwa.

Ranar ɗaurin aure Baba ya ja hannun ango zuwa bangon da ruwa ya bar wa shaida, daidai kafaɗarsa.

"Nan muke zaune, ni da ita." Ya dafa bangon. "Allah ya yi muku albarka. Ko rana na tsaga ƙasa ka ce mu tashi, ni zan fara ɗaukar tabarmata."