Barcin Auta a Cinyar Lantana

A wani ƙauye, can da, an yi wata yarinya mai suna Lantana. Ƙanenta Auta ya kwana uku yana zazzaɓi, ba ci, ba barci. Ran na huɗu da hantsi, barci ya ɗauke shi a kan cinyarta.

Innarsu za ta rafi, ta ce da ita a hankali, "Kada ki motsa, 'yar nan. Barcin nan shi ne kaɗai maganinsa."

Ƙawayenta suka leƙo, suka ce ta zo a yi wasa. Ta nuna musu Auta, ba ta motsa ba. Mai alewa ya wuce yana talla. Ta haɗiye yawu, ba ta motsa ba. Cinnaka ya cije ta a ƙafa. Hawaye ya zubo mata, ba ta motsa ba.

Sai da azahar Auta ya farka, zazzaɓi ya sauka. Ya ga Inna ta dawo, ya ce, "Inna, kunu."

Lantana ta yunƙura za ta ɗebo, ƙafafunta sun sage, ta kasa tashi. Inna ta dube ta, ta ɗebo kunun da kanta, ta fara miƙa wa Lantana ludayin.