Libarbar Kaka a Teburin Matattu

Kwana da kwanaki Doña Chayo ba ta jin daɗin abinci. Tun da ta buɗe akwatin marigayi mahaifinta ta ga libarba, wata ƙaramar bindiga, naɗe a tsumma, hankalinta ya ƙi kwanciya. Da harsashi a ciki? Oho. Ta cusa ta cikin buhun masara, da niyyar nuna wa yayanta Nicanor in ya zo bikin Ranar Matattu. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ashe ɗiyarta ta gani.

Ranar biki, aka shirya wa Kaka, wato marigayi mahaifin nata, teburinsa. Kowa ya san ana ɗora wa mamaci abin da yake so a duniya. Ga hularsa, ga kofinsa, ga furanni da kyandir.

Doña Chayo ta je ɗibar masara. Ta laluba, ta sake lalubawa. Babu libarba!

Ta ruga ɗaki. Ga libarbar a gefen hoton Kaka, dab da kyandir. Ga Toño, autanta, yana ɗage yana miƙa hannu.

Ta sure shi.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni ce, Mama," in ji ɗiyarta. "Kin ce Kaka yana sonta. Ai ta yi tsatsa, ta mutu kamar shi."

Ana haka Kawu Nicanor ya shigo. Ya ce kowa ya koma bayansa. Ya ɗauki libarbar a hankali, bakinta na kallon ƙasa, yatsansa nesa da kunamar harbi. Sai da ya kai bayan gida ya buɗe ta. Harsasai biyu suka faɗo tafinsa.

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Kin gani, sarkin karambani?" in ji Kawu. "Bindiga takan tsufa, amma ba ta mantuwa."

Ya karanta rubutun jikin libarbar, ya ce ta girmi Kaka ma, ta mahaifin Kaka ce. Sannan ya juya ga ƙanwarsa.

"Ke kuma, Chayo, a buhun masara? Da mun ci tuwon harsashi."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Kawu ya kulle libarbar a akwatin ƙarfe, harsasan a wani wuri daban. Yarinyar ta nemi gafara. Ta zana libarbar a takarda, ta jingina ta da hoton Kaka. Kowa ya ce wannan ta fi kyau.

Yara, in kun ga bindiga, ko da ta yi tsatsa, ku ɗauka akwai harsashi a ciki. Kada ku taɓa. Ku matsa, ku kira babba.

Abu ɗaya ya rage wa Doña Chayo. Kawu ya ce a miƙa libarbar ga hukuma, ita kuwa kayan mahaifinta ne. Ku kalli Toño, ku faɗa mata: me ya kamata ta yi?