Rumbu Na Bakwai

Jirgin kamun kifin tuna ya dawo tashar Vigo bayan wata huɗu a tekun Gini, da giɓin mutum ɗaya. Sabela Carballo ce, mai sa ido da hukumar kamun kifi ta ƙasa da ƙasa ta tura cikin jirgin. Mahaifinta ya kai ƙara.

"Na san ba zan ga gawarta ba," ya ce wa Insfekta Outeiro. "Yadda ta mutu nake son ji."

Insfekta ya fara da Kyaftin Lema.

"Faɗawa ruwa ta yi, ranar sha biyu ga wata," in ji kyaftin. "Muka naɗe raga, kwana uku muna nemanta, yadda doka ta ce."

"Ba ku kama kifi ba?"

"Shekarata talatin a teku. Kai za ka koya min doka?"

A kicin, Anxo kuku yana feraye dankali.

"Da wa take cin abinci?" in ji insfekta.

"Da bango, yallaɓai. Tun da ta rubuta mun zarce kasonmu na bana ba mai zama kusa da ita. Kyaftin ya ce za ta kashe masa lasisi."

"Ka ga faɗuwarta?"

"Ni tukunya nake kallo."

Insfekta ya sauka rumbunan ƙanƙara, inda ake adana kifi. Tsoho Xurxo ke kula da su. Duk rumbun da ya cika, yakan rubuta ranar da alli a murfin. Na bakwai: sha uku ga wata.

"Kuskure ne, baba?"

"Sunana da ƙyar nake rubutawa, amma kwanan kifi ban taɓa ɓatawa ba. Da hantsi garken kifi ya taso. Tan arba'in."

Insfekta ya sa aka sauko da kyaftin, ya nuna masa murfin.

"Washegarin ɓatanta ke nan. Ba ka neme ta ba, Lema."

Kyaftin ya kalli allin.

"Littafin rahotonta na ce ta ba ni. Ta ƙi. Muka yi ja-in-ja, na hankaɗe ta. Da shi ta tafi."

"Ka tsayar da jirgi?"

"A'a."

"Kifin fa?"

"Ya taso. Ban taɓa barin garke ya wuce ni ba."

Aka sa masa ankwa. Suna wuce masu sauke kaya ya tsaya.

"Ku rufe na bakwai," ya ce. "Zai narke."