Ƙashin Aro

Ana gab da kiran magariba wani abu ya faɗo kan rufin kwanon gidan Hamisu a Kaura Namoda. Matarsa Ummusalma tana kwashe tuwo, ta leƙa waje za ta yi wa yaran unguwa tas, ba ta ga ko kaza ba. Da ta dawo tsakar gida sai ta ga ashe ba dutse ba ne, guntun ƙashi ne fari sol.

Hamisu ɗan kabu-kabu ne, babur ɗinsa ke ciyar da gidan. Watannin baya ya faɗi a hanyar Sakajiki, ƙwaurinsa ya dagargaje. Maɗori ya ɗaura, ya sake ɗaurawa, ƙashi ya ƙi haɗuwa. A wani asibiti a birni likita ya ce giɓin ya yi faɗi. Ya yanko ɗan ƙashi mai rai daga ƙugun Hamisu, bai isa ba, sai ya cike da ƙashin saniya da aka wanke aka gasa.

"Wannan aro ne," in ji likita. "Kamar darni ne da duma ke hawa. Naka ƙashin zai bi shi a hankali har ya maye gurbinsa."

Hamisu ya dawo da sanda da murna. Bawan Allah, ya manta kayan aro ba ya rufe katara.

Daga ranar da ƙashin nan ya faɗo, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Ƙasusuwa su yi ta faɗowa, sannan shiru, sannan a ji ana gurgura bayan rumbu. Sai 'yarsu Salima ta daina cin abinci. Rana na faɗuwa za ta rarrafo ta tsuguna gindin ƙafar ubanta tana shinshina, yawu na zuba.

Aka ɗauko Malam Sha'aibu daga Badarawa, mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin Salima ta ɗago kai, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Mi kaka nema ga yarinyag ga?" in ji Malam.

"Ba yarinya nika so ba. Abincina nib biyo. Malam, kai ka yi karatu. Ƙashi abincin wa na?"

 Malam ya san ƙashi abincin aljanu ne, shi ya sa ma aka hana tsarki da shi.

"Anka yanke saniya, kunka ci nama, rabona ƙashi. Sai ga shi an ɗinke min shi cikin ƙahwar wanga."

Malam ya yi tayin ƙasusuwan rago, ya yi tayin na mahauta kakaf. Muryar ta yi dariya mara daɗi.

"Nawa nika so. Ko shi ba ni, ko in zamna cikin ɗiya tai har ta bushe."

Ummusalma ta fashe da kuka. Hamisu ya dubi ƙafar da yake jira ta mayar da shi kan babur, ya dubi wuyan Salima da ya rame kamar kara.

"Ci," ya ce. "Ka sakam min ɗiyata."

Salima ta yi atishawa ta zube. Da ta farka ruwa ta nema.

Jifa ya tsaya. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka, ni dai da nake maƙwabcinsu tausayi ya hana ni zuwa. Ƙafar ta fara lanƙwashewa. Da aka koma asibiti, likita ya ɗaga hoton ƙafar ga haske, giɓin nan baƙi ƙirin, ba komai a ciki.

"Jiki ya cinye dashen bai gina nasa ba," ya ce. "Wani lokaci haka ke faruwa."

Hamisu bai yi musu a kan wanda ya ci ba. Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, aka sayar da babur.

Salima ba ta tuna komai, kuma an hana kowa ya faɗa mata. Ran nan da magariba ta kawo masa buta da takalmi ƙafa ɗaya, ta tsaya tana kallon dungulmin.

"Baba, wai mi yac ci ƙahwar taka?"

Hamisu ya karɓi butar.

"Aro na, ɗiyata. Mai abu ya amshe abinai."