Wankan Lemun Tsami

"Ko dai wayar nan tana jin mu, ko kai ka faɗa. Zaɓi ɗaya, Sagiru."

Juwairiyya tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsu, ta saka wayar aikinsa cikin tukunya ta rufe da murfi. Sagiru ya dubi tukunyar, ya dubi matarsa.

Cikinta wata biyu ne. Biyu sun zube mata a baya, duka bayan labari ya gama zaga unguwa, shi ya sa wannan karon ta sa shi ya yi alkawarin ko mahaifiyarta ba za ta ji ba. Sai ga shi yau da hantsi Hajiya Hajo, matar maigidansa, ta kira ta tana cewa Allah ya raba lafiya.

"Wallahi ban faɗa wa kowa ba, abar ƙaunata."

"To wayar ce ke nan. Shekara guda tana kwana a kan gadonmu... duk kukan da na yi, duk abin da na faɗa maka..." Muryarta ta karye. "Gobe zan tafi Inugu wurin Yaya a unguwar Coal Camp. Ba zan raini ciki a ɗakin da bango ke da kunne ba."

Bai hana ta ba. Shi ma abin ya daɗe yana cin sa. Tun da Alhaji Usaini, dillalin shanun da yake yi wa aiki a mayankar Trans-Amadi, ya kafa kyamarori a rumfa ya raba musu wayoyi masu nuna inda mutum yake, ko tsayawa shan shayi ka yi sai an tambaye ka.

Washegari da safe ya hau okada, babur ɗin haya. Ya tarar da Alhaji a ofis, ya gaishe shi har ƙasa, sannan ya ajiye wayar a kan tebur.

"Alhaji, tambaya gare ni, a gafarce ni. Abin nan yana ɗaukar maganar cikin gidana?"

Alhaji ya cire tabarau. "Sagiru, ni za ka yi wa wannan zato?"

"Hajiya ta san abin da uwar matata ba ta sani ba."

Sai dattijon ya juyo da allon kyamarar, ya lalubo wata rana. Ga Sagiru a famfon bayan rumfa bayan an tashi, yana goge hannuwa da wuya da ɓarin lemun tsami, yana canza riga. Ya nuna masa wata ranar, da wata. Mako huɗu cur.

"Shekara talatin ina cikin mahauta," in ji Alhaji. "Mahauci ba ya wanka da lemun tsami sai ƙarnin nama ya fara tayar wa matarsa zuciya. Ni ma na yi. Murna ce ta sa na faɗa wa Hajo."

Sagiru ya daɗe yana kallon kansa a allon.

"Na gode da murnar, Alhaji. Amma don ɓarayin nama ka sa kyamarar, ga shi ta shiga har ɗakin matata. In na tashi aiki, a rumfa wayar za ta riƙa kwana. In hakan bai yi ba, sai ka sallame ni."

Alhaji ya jawo aljihun tebur ya saka wayar, idonsa a ƙasa.

Da Sagiru ya koma gida, jakar Juwairiyya na bakin ƙofa, ta yafa mayafi. Ya tsaya nesa da ita don bai yi wanka ba.

"Ni ne na faɗa, Juwairiyya."

Ta runtse ido.

"Ba da baki ba." Ya ba ta labarin famfon, da lemun, da rigar da yake ɓoyewa a leda.

"Kullum?" ta tambaya a hankali. "Ni da nake cewa Allah ne ya ɗauke min jin ƙarnin..."

"Ban so ki san kina wahala da ni ba."

"Hajiya fa? Ta riga ta sani."

"Ta sani. Wannan ba zan iya dawo miki da shi ba."

Hawaye ya gangaro mata. Ta daɗe a tsaye, hannunta a kan cikinta. Sai ta zare mayafin, ta shige kicin. Ya ji ƙarar ruwa a bokiti, ya ji wuƙa a kan katako.

Ta fito ta toshe hanci da gefen zani, ta dire bokitin a gabansa, lemu biyu a yanke suna yawo a kan ruwan.

"Daga yau a nan za ka riƙa yi," ta ce. "Inda babu idon kowa sai nawa."